Fasinja ya iso, jirgi ya tashi: wanne kwamfuta za ta fara ƙirgawa?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya zama babbar hanyar zuwa kasuwannin Yauri da Warra. A ce kana so kwamfuta ta kwaikwayi hada-hadar bakin kwata don a san jirage nawa za su wadatar ranar kasuwa. Ba sai ta bi kowace daƙiƙa ba. Abubuwa kaɗan ne ke sauya lissafi: fasinja ya iso, jirgi ya cika, jirgi ya tashi. Daga wannan aukuwa sai agogon kwamfuta ya tsallaka zuwa ta gaba.

Dabarar ta girmi tafkin. A ƙarshen shekarun 1950 Keith Tocher ya yi amfani da ita a masana'antar ƙarfe a Ingila. A 1961 Geoffrey Gordon na kamfanin IBM ya fito da GPSS, sannan Dahl da Nygaard suka ƙirƙiro Simula a Norway. Sai dai kowace manhaja da nata tsarin. Idan fasinja ya iso daidai lokacin tashin jirgi, wata za ta sa shi ciki, wata ta bar shi a gaɓa. Tambaya ɗaya, amsa biyu.

A 1976 Bernard Zeigler ya kawo tsarin DEVS, inda ya rubuta ma'anar komai da lissafi: halin da abu yake ciki, tsawon zamansa a haka, yadda yake sauyawa da kansa, da yadda saƙo daga waje ke sauya shi. Ya kuma raba bayanin abin da ake kwaikwaya da manhajar da ke gudanar da shi. A 1994 shi da Alex Chow suka ƙara ƙa'ida ta musamman don aukuwa biyu da suka zo tare. Daga baya Farfesa Mamadou Traoré da ɗalibansa a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja suka ɗora a kan wannan aiki.

To, me ya sa za mu damu? A watan Mayun 2021 jirgi maƙare da mutane ya nutse kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski, aka yi asarar rayuka masu yawa. Duk ranar da za a tsara sufurin tafkin nan da kwamfuta, dole kalmar "ya cika" ta zama da ma'ana ɗaya tak, wadda kowa zai iya bincikawa kafin jirgi ya bar gaɓa.