BAYANI: Koton kamun kifin teku mai araha da mai suna, wanne ya dace masunci ya saya?

A kasuwar kayan kamun kifi ana iya jera koto biyu, tsayinsu ɗaya, launinsu ɗaya, amma kuɗin ɗaya ya kusan ninka na ɗayan sau goma. Na farko yana ɗauke da sunan kamfanin da ya shafe gomman shekaru yana sana'ar. Na biyu ya fito daga masana'antar da ba a ma rubuta sunanta a jikin kwali ba. Mai kamun kifi don nishaɗi zai iya ɗaukar zaɓin a matsayin sha'awa, amma ga wanda ya ci bashin kuɗin fetur kafin ya shiga teku, magana ce ta riba ko asara.

Abin da ke raba koton biyu ba kasafai ido ke ganin sa ba. Yana cikin ƙarafan da ke riƙe kifi bayan ya kai cafka, da kuma yadda kowane koto ke fitowa daidai da ɗan'uwansa. Wanda ya gane haka zai san inda mai araha ya wadatar, da inda rowa za ta ja masa asara.

Mene ne ƙerarren koto?

Masuntan ƙasar Hausa sun saba da fatsa da ake maƙala wa tana ko ƙaramin kifi. Ƙerarren koto kuwa ba abinci ba ne. Siffar kifi ce da aka yi da katako ko roba ko ƙarfe, aka rataya mata ƙugiya, don babban kifi ya zaci ƙaramin kifi ne mai rauni ya kai masa hari.

Akwai manyan nau'o'i huɗu. Na farko shi ne mai tauri mai siffar kifi, wanda ke da leɓe a gaba. Leɓen ne ke sa shi nutsewa yana kaɗa jiki idan ana jan sa a bayan jirgi. Na biyu dunƙulen ƙarfe ne mai nauyi da ake saki zuwa ƙasan ruwa ana fizgowa. Na uku falle ne na ƙarfe mai ƙyalli da ake kira cokali saboda siffarsa. Na huɗu roba ce mai laushi da ake sokawa a ƙugiya mai kan dalma. A teku ana farautar kifaye irin su tuna da barakuda da waɗannan nau'o'i.

Abin da gishiri ke yi

Kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, kuma gishiri na hanzarta tsatsa. Ƙugiyar da za ta yi shekara a kogi ba ta canza ba tana iya yin ja cikin 'yan kwanaki a teku idan rufin da aka yi mata siriri ne. Tsatsa na fara cin tsinin ƙugiya da idonta, wato wuraren da aiki ya fi dogara a kansu.

Ga kuma ƙarfin kifin. Manyan kifayen teku suna kai cafka a guje, sannan su ja igiya da ƙarfin da ke iya miƙar da ƙugiya ko buɗe zoben da ya haɗa ta da jikin koto. Barakuda ma haƙora gare shi masu datse igiyar roba, shi ya sa ake haɗa masa guntuwar waya a gaban koto.

Su wane ne masu suna?

Sunan da ya fi shahara shi ne Rapala na ƙasar Finland. A 1936 wani masunci talaka mai suna Lauri Rapala ya sassaƙa kotonsa na farko da ɓawon itace mai sauƙin nauyi, ya naɗe shi da takardar ƙyalli, bayan ya lura cewa manyan kifaye na zaɓar ƙaramin kifin da ke iyo a karkace. Kasuwarsa ta bunƙasa a Amurka a watan Agustan 1962, lokacin da mujallar Life ta buga labarin koton a fitowar da ke ɗauke da hoton Marilyn Monroe a bango jim kaɗan bayan mutuwarta. A shekarar 2000 kamfanin ya haɗe da VMC, mai ƙera ƙugiya a Faransa, kuma yana da babbar masana'antar koto a garin Pärnu na ƙasar Estoniya.

Akwai kuma Yo-Zuri da Shimano da Daiwa na Japan, da Halco da aka kafa a yammacin Ostireliya a 1950. A fannin ƙugiya ana ambaton Mustad na Norway, wanda ya fara ƙera ta tun 1877, da Owner da Gamakatsu na Japan.

Wani abin lura shi ne, wasu nau'o'in koton teku na Rapala da ake kira Magnum ana sassaƙa su da katakon abachi, wato itacen da ake kira obeche a Najeriya, wawa a Gana, ayous a Kamaru. Katako na barin dazukan Afirka ɗanye, ya dawo a cikin kwali da farashin dala.

Daga ina masu araha ke fitowa?

Mafi yawansu daga China suke. Birnin Weihai na lardin Shandong ya yi fice a matsayin cibiyar ƙera kayan kamun kifi, kuma kasuwannin intanet irin su AliExpress da Temu sun sa ana iya sayen kayan kai tsaye. Sai dai kuskure ne a ɗauka duk abin da aka yi a China maras inganci ne. Kamfanoni masu suna da dama na ba masana'antun Asiya kwangilar ƙera kayansu, kuma BKK, kamfanin ƙugiya na China, ya samu karɓuwa a wurin masu farautar manyan kifaye. Ƙasar da aka yi kaya ba ita ce ma'auni ba. Abin tambaya shi ne wa ya gindaya ƙa'idar aikin, wa ya duba shi, wa kuma zai amsa idan ya gaza.

Inda bambancin kuɗin yake

Na farko, ƙugiya da zobe. A nan masana'anta mai neman rage kuɗi ta fi yin tsimi, domin mai saye ba zai gane ƙarfin ƙarfe da ido ba. Ana rubuta 2X ko 3X ko 4X don nuna kaurin wayar ƙugiya, amma babu ma'auni ɗaya da ya ɗaure dukkan kamfanoni, don haka 4X na wannan ba lallai ya kai 4X na wancan ba.

Na biyu, ƙashin bayan koto. A koto mai inganci da aka yi don manyan kifaye, waya ɗaya ko falle ɗaya na ƙarfe ke ratsawa daga kai zuwa wutsiya, ta yadda ko jikin ya fashe kifin na nan a maƙale. A mai araha sau da yawa ƙananan idanu ne aka dasa a cikin roba, waɗanda jan kifi ke iya tumɓukewa.

Na uku, daidaito. Rapala na cewa ana gwada iyon kowane kotonsa a tankin ruwa kafin a sa shi a kwali. Nau'insa na X-Rap Magnum yana da lamba da ke nuna zurfin da zai kai, misali ƙafa 30, wato kimanin mita 9. Mai saye yana biyan kuɗin wannan tabbaci ne. A kwalin masu araha kuwa ana iya samun wasu na iyo lafiya, wasu na jirkicewa ko tsalle daga ruwa da zarar jirgi ya ƙara gudu.

Na huɗu, abin da bai shafi kifi ba: talla, da kwali mai ƙyalli, da ribar dillalai. Wani kaso na tsadar kuɗin suna ne kawai, kuma kifi bai iya karatu ba.

Lissafin aljihu

Kayan nan da dala ake shigo da su. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala ɗaya na kusan naira 460 a farashin gwamnati. A watan Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. A ɗauki misalin koto na dala 20. A tsohon farashi naira 9,200 ne, a na Fabrairun 2024 kuwa naira 30,000, ba a sa kuɗin dako da na kwastan ba. A wannan lissafi, koto na dala 3 zai tsaya a naira 4,500, wato kuɗin mai suna ɗaya zai kusan sayen masu araha bakwai.

Amma farashin saye rabin lissafi ne. Sauran rabin tambayoyi biyu ne: sau nawa koto ke ɓacewa a wurin da ake su, kuma nawa ne darajar kifin da zai kuɓuce idan ƙarfe ya gaza?

A wurin da ke da duwatsu ko saiwoyin itatuwan bakin teku, inda koto ke maƙalewa ya tafi kafin ya tsufa, mai araha ya fi dacewa. Haka ma ga mai koyo, da mai neman ƙananan kifaye. Cokali da dunƙulen ƙarfe su ma ba su da sarƙaƙiyar ƙira, don haka ratar da ke tsakanin mai suna da maras suna ba ta da faɗi.

A tsakiyar teku kuwa, inda ake jan koto a guje ana neman kifi mai nauyin gomman kilo, lissafin na juyawa. Fetur da ladan ma'aikata da yinin da aka kashe sun fi kuɗin koto nesa ba kusa ba, kuma babban kifi ɗaya da ya tsinke na iya zama ribar tafiyar gaba ɗaya. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado ke tabbata.

Akwai hanya ta uku da gogaggun masunta ke bi: su sayi mai araha, su cire ƙugiya da zoben da ya zo da su, su sa masu inganci. Sai dai sabuwar ƙugiyar ta zama kusa da tsohuwar a nauyi, in ba haka ba iyon koton zai lalace. Wannan gyara kuma ba ya magance rashin wayar ciki.

Gwaji kafin shiga teku

A jiƙa koto a ruwan gishiri ya kwana, a bar shi ya bushe, a duba ko tsatsa ta fito. A nutsar da shi a ruwan ɗumi: idan kumfa na fita daga jikinsa, ruwa zai shiga cikinsa. A rataya zoben a sikeli a ja, a ga ko zai buɗe. A ja koton a gefen jirgi a ga iyonsa. Idan yana karkata gefe ɗaya, a ɗan lanƙwasa idon gaba zuwa ɓangaren da ake so ya koma. Bayan kowace fita a wanke kaya da ruwan daɗi a shanya, domin ko mai tsada gishiri ba ya raga masa.

Jabu ne babbar matsala

Dole a bambanta mai araha da jabu. Mai araha bai ɓoye matsayinsa ba, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Jabu kuwa kaya ne maras inganci da aka manna wa sunan wani kamfani, ana karɓar kuɗin inganci ba a bayar da shi ba. Alamominsa sun haɗa da farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na dillalan kamfanin, da kuskuren rubutu a kwali, da tambarin da ke gogewa da farce.

A Najeriya, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki (SON) ce ke da alhakin sa ido kan ingancin kayan da ake shigowa da su, yayin da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye (FCCPC), wadda dokar 2018 ta kafa, ke karɓar ƙorafin wanda aka yaudara. Mai saye ya riƙe rasit da kwali, domin su ne hujjarsa.

Dalma da abin da ke zama a ruwa

Koton da ya tsinke ba ya narkewa. Robarsa na zama a teku, kuma da yawa daga cikin masu nauyi da dalma ake yin su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jikin mutum da aka san ba shi da illa. Birtaniya ta haramta ƙananan dalmar fatsa a 1987 bayan mutuwar tsuntsayen ruwa da suka haɗiye ta, Denmark kuma ta hana sayar da kayan fatsa masu dalma tun 2002. Wanda ya zaɓi mai araha saboda ba zai ji zafin ɓacewarsa ba, ya sani cewa kowane wanda ya ɓace ƙari ne ga sharar ruwan da yake ci daga gare shi. Masu narka dalma a gida don yin nauyin fatsa kuma su nisanta aikin daga yara da wurin girki.

Dalilin da batun ya shafi kowa

Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 853, daga Legas zuwa Kuros Riba, amma alƙaluman gwamnati na nuna ƙasar na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, tana samar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mafi yawan abin da ake kamawa a cikin gida ƙananan masunta ne ke kawo shi, kuma galibinsu da taru da ƙugiya mai ɗanyen koto suke aiki. Ƙerarren koto ƙaramin ɓangare ne na kayansu, amma matsalarsa ita ce ta injin jirgi da igiya da raga: ana shigo da su da dala, kuma masunci shi ke ɗaukar asara idan kaya ya gaza.

A watan Agustan 2023 aka ƙirƙiri Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, daga baya aka mayar da sashen kifi ƙarƙashinta. Daga cikin abubuwan da za a auna ta da su akwai ko masunci zai iya sayen kayan aiki ya tabbata abin da aka rubuta a kwali shi ne a ciki. Kafin a kai nan, kariyarsa tana hannunsa: ya duba ƙugiya da zobe da waya kafin launi, ya kai mai araha inda koto ke ɓacewa, ya tanadi mai suna don inda babban kifi yake.