Daga Sirace zuwa Nebulaiza a Dapchi

Da hunturu ya kama, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi takan turnuƙe Dapchi da Gashuwa da Nguru. Masu asma sai su shiga uku.

Abin da aka gada shi ne sirace. A tafasa ganyen darbejiya, a sauke tukunya, mara lafiya ya lulluɓa da bargo ya sunkuya kan tururi har ya yi sharkaf da gumi. Ita darbejiyar ma baƙuwa ce, asalinta Indiya, a zamanin Turawa ta bazu a Borno. Sirace na sassauta mura, amma ba ya buɗe ƙirjin da asma ta shaƙe.

Wannan aikin sai salbutamol, wanda ya shiga kasuwar Ingila a 1969 da sunan Ventolin. Nebulaiza kuwa, mai mayar da ruwan magani hazo, ta girme shi nesa ba kusa ba: a 1858 likita Sales-Girons ya ƙera irinta a Faransa, ana buga ta da hannu kamar famfon keke.

Yau a Dapchi, hedikwatar ƙaramar hukumar Bursari, wuta ba ta da tabbas, don haka mai sayen nebulaiza ta gida gara ya nemi mai batir ko wadda sola za ta ɗauka. Adadin maganin kuma likita ke ƙayyadewa.