Grafin

Grafin shimfiɗa ce ta sinadarin kabon wadda kaurinta bai wuce ƙwayar zarra ɗaya ba, ƙwayoyin sun jeru shida-shida kamar saƙar zuma. Baƙin da ke cikin fensir, wato girafayit, tarin irin waɗannan shimfiɗu ne ɗaya bisa ɗaya, kusan miliyan 3 a kaurin milimita guda. Duk layin da ɗalibi ya ja a littafinsa, su ne ke sulluɓewa suna manne wa takarda.

Da lissafi aka fara saninsa. A 1947 Philip Wallace, masanin fiziya ɗan Kanada, ya lissafa yadda ilektiron zai yi tafiya cikin shimfiɗa guda. Sai dai masana da yawa sun ɗauka abu mai sirantaka haka ba zai tsaya da kansa ba, zafi zai yamutsa shi.

Salatif ne ya raba gardama. A 2004, a Jami'ar Manchesta da ke Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka riƙa manna shi kan gutsuren girafayit suna ɓarewa, su ninka su sake ɓarewa, har ɓarɓashin ya yi sirantakar da ido ba ya gani. Suka goga shi kan farantin silikon, suka duba da madubin hangen ƙananan abubuwa, sai ga shimfiɗa guda ta bayyana kamar inuwa. Aikin da ake zaton sai manyan injina, ga shi kayan tebur sun yi. A 2010 aka ba su kyautar Nobel.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne halin ilektiron a cikinsa: yana gudu kamar ba shi da nauyi, wajen kilomita 1,000 a daƙiƙa. Amma lantarkin da ke ratsa grafin ba a iya kashe shi sosai, alhali turansista ba ta aiki sai da kunnawa da kashewa. Wannan cikas ya tura masana neman 'yan'uwansa. A 2010 aka nuna cewa shimfiɗa guda ta molibdinam disalfaid tana da giɓin makamashin da grafin ya rasa, wanda shi ke ba da damar kashe lantarki, har tana fid da haske.

Shi kansa grafin bai gama ba da mamaki ba. A 2018 tawagar Pablo Jarillo-Herrero a MIT, Amurka, ta ɗora shimfiɗun grafin biyu ɗaya bisa ɗaya, ta karkata ɗaya da digiri 1.1 kacal. Cikin matsanancin sanyi, lantarki ya ratsa su ba tare da wata turjiya ba.