Uwar Beyar da Masu Kyamara a Dazukan Amurka

A shekarar 1897 wani marubuci mai zanen dabbobi, Ernest Thompson Seton, ya isa gandun dajin Yellowstone na Amurka yana son ganin beyar ido da ido. Inda ya same su shi ne juji, bayan otal ɗin Fountain, wurin zubar da ragowar abincin baƙi. Nan ya ɓuya cikin shara ya yini da kyamara da littafin zane, yana kallonsu suna lasar gwangwanaye. Wanda ya fi ɗaukar hankalinsa wani ɗan beyar ne ramamme mai ɗingishi da yawan kuka, da uwarsa mafaɗaciya mai korar duk wanda ya raɓe shi. Ya rubuta labarinsu, ya kira ɗan Johnny, uwar kuma Grumpy, labarin ya fito cikin littafinsa na 1901. A ganina nan ne mafarin al'adar ɗaukar hoton uwar beyar da 'ya'yanta, kuma tun daga ranar farko akwai juji a cikinta.

Ba mu da wannan dabba a ƙasashenmu, don haka sai an ɗan gabatar da ita. Baƙar beyar ta Amurka da Kanada ta fi 'yar'uwarta girizili ƙanƙanta da tsoro, kuma gwana ce wajen hawan itace. Abin da ya fi ba ni mamaki a rayuwarta shi ne haihuwa. Barbara a watan Yuni ake yi, amma cikin ba ya soma girma sai wajen Nuwamba, idan macen ta tara isasshen kitse. Sai ta shige rami ko kogon itace ta kwanta baccin hunturu, ba ci ba sha. Cikin wannan kwanciya, a watan Janairu, take haihuwar 'ya'ya biyu ko uku, kowanne bai kai rabin kilo ba, idonsa a rufe. Da kitsen jikinta take shayar da su har zuwa Afrilu, sannan su fito. Suna tare da ita kusan wata 17, tana nuna musu abin ci da wurin gudu. In ta ji motsin da bai kwanta mata ba, ɗan gurnani kaɗan za ta yi, sai ka ga 'ya'yan sun ɗare itace. Wannan fitowa ta bazara ita ce abin da kowane mai ɗaukar hoto ke mafarki.

Abu biyu suka mayar da mafarkin na kowa da kowa. A 1900 kamfanin Kodak ya fito da kyamarar Brownie a kan dala 1. A 1915 aka buɗe wa motoci ƙofar Yellowstone. Dokar hana ba beyar abinci tana nan tun 1902, amma a takarda kawai. Shi kansa shugaban gandun na shekarun 1919 zuwa 1929, Horace Albright, akwai sanannen hotonsa zaune a teburi yana cin abinci da beyar. Hukuma da kanta ta shirya wuraren kallo a Old Faithful da Otter Creek, da benci-benci, a zuba shara da yamma, jama'a su zauna suna kallo, jami'i yana yi musu bayani. Shagunan Haynes na cikin gandun kuwa suna sayar da katunan hoton uwa da 'ya'yanta, baƙi suna aika wa dangi a gida.

Girizili su suka fi zuwa wuraren kallon. Baƙar beyar titi ta kama. Ta gane cewa idan ta tsaya da ƙafafun baya a bakin hanya, mota za ta tsaya, alewa da biredi za su fito ta taga. Ta kuma gane, ko dai mutane suka koya mata, cewa ranar da ta zo da 'ya'ya samu ya fi yawa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ɗan da ya tashi yana ganin uwarsa tana bara, da bara zai girma, in mace ce ita ma ta koya wa nata. Haka zuriya bayan zuriya suka tashi a gefen kwalta. Idan na duba tsofaffin hotunan nan, yaro na miƙa wa ɗan beyar biskit, uwar na tsaye kamu uku daga gare shi, uba yana bayan kyamara yana dariya, raina ɓaci yake yi, domin na san yadda labarin yawancinsu ya ƙare.

Daga 1931 zuwa 1969, a matsakaici mutum 48 ne beyar ke ji wa rauni kowace shekara a Yellowstone, kusan duka baƙar beyar ce, kuma yawanci a wurin ba da abinci ko ɗaukar hoto. Wani ya ɗaga biredi sama don ta miƙe tsaye hoto ya yi kyau, wani abincinsa ya ƙare ita kuwa ba ta ƙoshi ba. Wadda ta yi yaƙushi sai a kama ta a kai nesa, in ta dawo a harbe. Mai hoto ya koma gida da tabo da labari, 'ya'yanta kuma su zama marayu.

Akwai wani zato da ya kamata a gyara a nan. Mutane sun ɗauka babu abin da ya kai uwar baƙar beyar haɗari. Farfesa Stephen Herrero na Jami'ar Calgary da abokan aikinsa sun bi diddigin mutum 63 da baƙar beyar ta kashe a Amurka da Kanada daga 1900 zuwa 2009, suka tarar kusan duka aikin maza ne masu yawo su kaɗai. Uwa tana huci, tana kaɗa haƙora, tana dukan ƙasa, ta yi kamar za ta afka sannan ta tsaya. Tsoro ne ke sa ta. Wannan haƙuri nata shi ya ba mutane damar yi mata abin da ba za su taɓa gwadawa da girizili ba.

A Yellowstone an rufe wurin kallo na ƙarshe a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma gyara na gaske sai a 1970: aka rufe wuraren zubar da shara, aka sa kwandunan sharar da beyar ba ta iya buɗewa, aka soma cin tarar masu ciyarwa. Baƙi sun yi ta ƙorafin sun daina ganin beyar. Raunuka kuwa suka sauko zuwa kusan mutum 1 a shekara.

Masu bincike ma ba su tsira daga muhawarar ciyar da beyar ba. Dakta Lynn Rogers na garin Ely a jihar Minnesota ya shafe shekaru da dama yana bin uwaye a daji, yana ba su abinci da hannu har su saba da shi, yana tafiya tare da su yana rubuta abin da suke yi. Daga irin aikinsa aka san yadda uwa ke zaɓar babban itace mai kaushin ɓawo ta kwana a gindinsa don 'ya'ya su samu wurin hawa. A Janairun 2010 ya sa kyamara cikin ramin wata mai suna Lily, dubban mutane suka kalli haihuwar 'yarta Hope kai tsaye ta intanet, yara a makarantu suna bibiyar girmanta a Facebook. A Satumban 2011 wani mafarauci ya harbe Hope a lokacin da doka ta halatta farauta. A 2013 hukumar jihar ta ƙi sabunta wa Rogers izininsa, bisa hujjar cewa dabbobinsa sun daina tsoron mutane. Ina girmama ilimin da ya samar, kuma ya cire wa mutane da yawa tsoro marar tushe. Duk da haka na fi karkata ga hukumar, don beyar ba ta bambanta hannun masani da hannun jahili.

Yau doka a Yellowstone ita ce yadi 100 tsakaninka da beyar, a gandun Great Smoky Mountains yadi 50. Ƙwararru suna amfani da dogon gilashi daga nesa, kuma sun san cewa in uwa ta bar kiwo ta zuba maka ido, ka matso da yawa. Matsalar yanzu waya ce, wadda ba ta jawo nesa sosai, sai mai ita ya taka da ƙafa. A Afrilun 2024, a garin Asheville na jihar North Carolina, an ɗauki bidiyon wasu mutane suna fizgo 'ya'yan beyar daga kan itace don su yi hoto da su. Daga baya jami'ai suka tsinci ɗaya a jiƙe yana karkarwa, ba a iya mayar da shi ga uwarsa ba, aka kai shi gidan renon marayun dabbobi. Ba a gurfanar da kowa ba, kuma a ganina ya kamata a gurfanar.