Daga malfar Inna zuwa akwatin zaɓe

1/ Jiya a majalisarmu a Dauran wani ya ce maganar 'yancin mata Turawa ne suka turo mana ta waya. Na yi shiru don kar a yi rigima. Ga amsata.

2/ Mu fara daga kusa. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ba nisa da Shinkafi. A can akwai sarautar Inna, mace ce daga gidan sarauta, ita ke shugabantar mata da 'yan bori, tana sa malfa kamar namiji. Birnin ya faɗi a 1808, kuma Namoda, wanda Ƙaura ke amsa sunansa, yana cikin jagororin yaƙin.

3/ To, Nana Asma'u 'yar Shehu (1793–1864) ba ta yar da malfar nan ba. Da ta kafa 'Yan Taru, sai ta riƙa naɗa wa jajojinta malfa da jan rawani. Jaji ce ke tattaro 'yan mata da tsofaffi daga ƙauyuka, su tako har wurinta su ɗauki karatu cikin waƙoƙi, su koma su koyar. Dabara ce babba: matan karkara sun san darajar hular, sai ta ɗora ta kan ilimi.

4/ Mu tsallako zamanin siyasa. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa an hana su. Kakarka da kakata fa ake nufi.

5/ Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga NEPU tana 'yar shekara 17. Tana bin gidaje tana wa matan kulle bayanin ƙuri'a da illar auren wuri. An kama ta a Kano, an ɗaure ta, an kore ta daga garin. Ɗauri 16 ake lissafa mata, ban da duka. Har Abeokuta ta je wurin Funmilayo Ransome-Kuti neman sanin makamar gwagwarmaya.

6/ Sai a 1976, lokacin zaɓen ƙananan hukumomi, matan Arewa suka samu ƙuri'a. Gwamnatin soja ce ma ta bayar, abin da 'yan siyasarmu na farar hula suka ƙi.

7/ Wanda ke musu ya je gida ya tambayi Kaka shekararta nawa ranar da ta fara dangwala yatsa.