William Buckley: Mutumin da ya haɗa kan masu ra'ayin riƙau a Amurka

A farkon shekarun 1950, masu ra'ayin riƙau a Amurka kara zube suke. Ga masu kishin addini da al'ada, ga masu son gwamnati ta tsame hannunta daga kasuwanci, ga maƙiya kwaminisanci, kowa da inda ya sa gaba. William F. Buckley Jr. ne ya tara su a inuwa ɗaya.

An haife shi a New York a 1925, a gidan wani attajirin man fetur, ɗan ɗariƙar Katolika. Ya kammala Jami'ar Yale a 1950. Shekara na zagayowa ya fitar da littafinsa na farko, God and Man at Yale, inda ya zargi malamansa da raina addinin Kirista da cusa wa ɗalibai ƙyamar jari-hujja. Littafin ya ta da ƙura, sunansa ya fito yana ɗan shekara 25.

A 1955 ya kafa mujallar National Review, wadda ta zama zauren da ɓangarorin nan uku suke sasantawa. Sai dai ba kowa ya bari ya shiga ba. A 1962 ya fito fili ya yi tir da Robert Welch, shugaban ƙungiyar John Birch, wanda ya yi iƙirarin cewa Shugaba Eisenhower yaron 'yan kwaminisanci ne. A ganin Buckley, irin wannan shaci-faɗi zai zubar da mutuncin tafiyar baki ɗaya.

A 1965 ya nemi kujerar magajin garin New York. Da aka tambaye shi me zai fara yi idan ya ci, sai ya ce zai nemi a sake ƙirga ƙuri'u. Kashi 13 cikin ɗari ya samu. Daga 1966 zuwa 1999 ya gabatar da shirin talabijin na Firing Line fiye da sau 1,500. Yakan kishingiɗa a kujera, takardu a cinya, yana jefo manyan kalmomi, yana kuma ba baƙi irin su Muhammad Ali da Noam Chomsky damar mayar da martani.

Babban tabon tarihinsa shi ne batun baƙar fata. A 1957 mujallarsa ta goyi bayan turawan jihohin Kudu su ci gaba da riƙe mulki ko a inda baƙaƙe suka fi yawa. A wata muhawara da aka yi a Cambridge a 1965, marubuci James Baldwin ya kayar da shi da ƙuri'a 544 da 164. Sai da girma ya kama shi ya yarda cewa shigar gwamnatin tarayya cikin lamarin ya zama dole.

Buckley bai taɓa cin zaɓe ba, amma tafiyar da ya gina ce ta tsayar da Barry Goldwater takarar shugaban ƙasa a 1964, ta kai abokinsa Ronald Reagan fadar White House a zaɓen 1980. Buckley ya rasu a garin Stamford ranar 27 ga Fabrairun 2008.