Yadda Ake Gano Ciwon Dajin Ƙoda Idan Ya Bazu a Jiki

Ciwon dajin ƙoda yakan daɗe yana girma ba tare da mai shi ya ji komai ba. Idan ya bar ƙodar, huhu ya fi kamawa, sai ƙashi, da hanta, da kaluluwa, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. Wannan shi likitoci ke kira mataki na 4.

A yankinmu na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, babban abin da ke jawo jinkiri shi ne kamar da alamominsa ke yi da cututtukan da muka saba da su. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa, tsargiya kuma ta zama ruwan dare a garuruwan bakin ruwa, har ana ɗaukar duk wani fitsarin jini a matsayin tsargiya. Ga yaro mai wanka a rafi, sau da yawa hakan ne. Amma magidancin da ya haura shekara 40, ya ga jini a fitsari babu zafi, ya sha maganin tsargiya jinin ya dawo, lallai a duba ƙodarsa da mafitsararsa. Haka nan tari da rama da zazzaɓin dare: idan an gwada kaki ba a sami tarin fuka ba, kada a tsaya nan.

Bincike yakan fara da gwajin fitsari da na jini, da sikanin na ciki. In an ga ƙari, sai a tura majinyaci Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin mafitsara na Abubakar Imam. Hoton CT na ƙirji da ciki shi ke nuna iyakar inda ciwon ya kai. Hoton ƙashi ko na kai kuwa sai in akwai ciwon ƙashi, ciwon kai mai naci ko farfaɗiya. Daga nan akan tsakuro ɗan nama da allura a duba irin dajin, domin da shi ake zaɓar magani. Ko ya bazu, akwai magungunan da ke rage masa gudu da sauƙaƙa raɗaɗi.

Muna roƙon dagatai, masu unguwanni da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi su tabbatar majinyaci ya tafi da takardar turawa, da sakamakon gwaje-gwajen baya, da kwalayen magungunan da ya sha, har na gargajiya, tun da akan auna ƙarfin ƙoda kafin a yi allurar da ake ɗaukar hoton CT da ita.